Ƙafar Safe da Ƙafar La'asar

Yau kwana goma sha shida ke nan rabonmu da ruwan sama a Bodinga. Ba ƙiyasi nake yi ba. A rubuce yake cikin littafin da nake shigar da kowane ruwa tun ranar da na kama aikin malamin gona, kuma ritaya ba ta sa na daina ba. Geron da aka shuka da ruwan fari ya kai tsawon yatsa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar an murza shi. Da hantsi hadari kan haɗo daga gabas har mata su fara kwashe shanya, sa'an nan iska ta kore shi, a bar mu da zufa.

Ana cikin wannan hali ne ɗana Nasiru, wanda yake shirin gwajin gudu na shiga aikin ɗamara, ya dawo daga atisayen safe yana ɗingishi. Ya tuɓe kambas ɗin da ya saya ta waya, na ga farcen babban yatsansa ya yi baƙi ƙirin. Na tambaye shi yadda ya zaɓi takalmin. Ya ce lambarsa ya faɗa musu, wadda ya sani tun yana sakandare. Ban yi masa faɗa ba, domin ba ni da bakin yi. Abin da na gaya masa a taƙaice, shi zan rubuta a nan da cikarsa.

Shekarar da nake nufi ta kai arba'in baya. Ina sabon ma'aikaci, an tura ni wani ƙauye a bayan Dandin Mahe, ni da matata Hajara, aka sauke mu a ɗaki biyu cikin gidan Maigari. A wannan shekara azumi ya faɗo a farkon damina, ba kamar na yanzu ba da yake zuwa da sauran sanyi. Ruwa ya sauka sau biyu kafin a ga wata, kowa ya fita ya shuka. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma aka yi ana cewa shukar za ta jure. A kwana na ashirin ka kama ganyen gero ya marmashe a hannunka kamar taba.

Asarar shuka ɗaya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, akan sake. Abin da ya sa ta bana ta zama masifa shi ne babu irin da za a sake da shi. Damunar da ta gabata ma ba ta yi kyau ba, rumbuna sun daɗe da yin ƙasa, kuma ɗan damin da kowane magidanci yake ratayewa don iri, wasu sun zuba shi duka a ƙasa da ruwan fari, wasu sun sussuke shi sun ba iyali.

Ga yadda yini yake tafiya a gidan. Sahur kunu ne tsararo, wanda kake iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Bayan asuba mata su nufi rijiya, su yi layi, domin guga sai ya jira ruwa ya taru kafin ya ɗebo rabi, shi ma da laka. Hajara takan bar tulu ya kwanta har hantsi kafin ta tace. Daga nan su shiga daji neman ganye. Tafasa ba ta fito ba tun da babu ruwa, sai ganyen itatuwa da busasshiyar ramar bara, a dafa a matse a yi kwaɗo da ɗan ƙuli. Maza kuwa su zaga gona, ba don akwai aiki ba, sai don zama a gida ya fi ciwo. Da rana ta take, garin ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Kowa yana kwance a zaure da jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji. Buɗa baki ruwa ne da farko, sa'an nan kwaɗon, sa'an nan tuwon da ake yanka shi da lissafi. Ni ina da albashi, amma kasuwa ba ta da hatsin da zai wadaci mai saye, kuma ba ka iya cin ƙoshi a gidan da kake jin yaran maƙwabta ta bayan danga.

Aikina a lokacin guda ne: na bi gida gida na rubuta sunan duk magidancin da shukarsa ta ƙone, da girman gonarsa, ya dangwala yatsa. An ce mana ofishin gona na shiyya, wanda sitonsa yake Bodinga, zai raba irin gero mai saurin nuna. Na gama rajistar, na ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, na zauna jiran kira.

Kiran ya iso ranar Laraba bayan la'asar, a aljihun wani mai dawowa daga kasuwa. Na duba kwanan watan da ke kan wasiƙar: kwananta takwas da rubutawa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin wani ne ya ajiye ta a aljihun tebur alhali mutane suna kallon sama. Ta ce Alhamis ce ranar ƙarshe, sito zai rufe ƙarfe huɗu, kowane malamin gona ya zo da rajistarsa ya sa hannu da kansa, kuma wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. Rabon ƙauyenmu buhu goma.

Babur ɗin aiki ya yi mako uku a jingine, babu fetur ko na magani. Keke biyu ne a garin, ɗaya ba taya, ɗaya mai shi ya tafi da shi cin rani bai dawo ba. Jakuna sun rame, kuma su ne za su ɗauko buhunan ranar Juma'a in an samu, don haka Maigari ya ce a bar su su huta. Saura hanya biyu: ko in fita kwalta ta Lambara in tsaya jiran motar da wataƙila ba za ta zo ba, ko in yanke ta daji a ƙasa. Maigari ya aika aka kira Baba Arzika.

Baba Arzika ɗan koli ne, gajere, busasshe, wanda ya shekara fiye da talatin yana cin kasuwannin yankin da ƙafa, kayansa a ka. Ya ce in mun fita bayan asuba za mu yi azahar a Bodinga. Yana magana yana kallon ƙasa, na ɗauka ladabi ne ga Maigari. Ashe ƙafata yake kallo.

"Malam, da wanga za ka tai?"

Takalmina ne sau-ciki, baƙi, na fata, mai igiya. Na ce, "Da shi za ni, Baba. Ofis za mu shiga."

"Yaushe kas saye shi?"

"Watan jiya, a Sakkwato."

"Ba wata nika tambaya ba. Da sahe ko da marece?"

"Da safe."

"Zaune ko tsaye?"

"Ai ba sai an gwada ba. Na san lambata, arba'in da ɗaya. Tun a makaranta take rubuce."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Lambar ƙahwar sahe ta. Ƙahwar la'asar ba ta san da ita ba."

Mutanen zaure suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya bayyana mini yadda matafiya irinsa suke yin takalmi. Ba sa zuwa wurin mai yankan taya sai ranar kasuwa da yamma, bayan sun taka tun safe. Mutum ya tsaya a kan tayar da kayansa a ka, a zana ƙafar da gawayi, ita babbar cikin biyun, domin ya ce babu mai ƙafa biyu daidai. Sa'an nan a ƙara faɗin babban yatsan hannu a gaba. Ƙafa, in ji shi, tana buɗewa da tafiya, tana kumbura da zafi, kuma wadda ta shekara tana tafiya ba ta komawa yadda take. Ya ce nasa ba zai shige ni ba, amma ƙanen Maigari yana da takalmin taya da zai yi mini. In sa shi a hanya, in rataya nawa a wuya, in mun kai bakin gari in sauya.

Ina da hujja a lokacin, kuma zan faɗe ta don adalci. An taɓa tsawata mini a gaban mutane don na shiga ofis da silifa, kuma ban taɓa sa takalmin taya ba, ina tsoron maɗaurinsa ya yanke ni. Amma shawarar Baba ta riga ta amsa hujja ta farko, ta biyun kuwa ƙarama ce. Gaskiyar ita ce ban so garin ya ga malamin gona ya fita da aron takalmin taya ba, kuma na fi amincewa da lambar da aka rubuta a kan maganar wanda bai iya rubuta ta ba. Na yi godiya, na ce nawa ya isa.

Maigari ya ce, "Malam, Allah shi kai ku lahiya. Garin ga duka yana cikin jakar taka."

Mun fita gari yana wayewa. Awa biyun farko ni ne a gaba. Ƙasa tana da sauran sanyi, takalmin yana riƙe da ƙafata daram, har nakan tsaya jiran Baba, wanda yake tafiya da gajeren taku iri ɗaya kamar ba ya sauri. Muka ratsa gonaki, duk iri ɗaya: layukan shuka sun koma launin ƙasa, nan da can mutum a tsaye shi kaɗai, hannu a baya. Kowa muka gaisa da shi sai ya dubi jakata.

Wajen ƙarfe tara rana ta fara cizo. Na ji dunduniyar hagu tana zafi, na yanke hukuncin cewa takalmin yana gogar ta ne don bai ɗauru sosai ba. Na durƙusa na ƙara tamke igiyar.

"Sassauta za ka yi, Malam, ba tamkewa ba," in ji Baba. "Zare ta daga ramun ƙasa, ka bar yatsu su sha iska."

"In na sassauta zai riƙa zamewa."

"To."

Daga baya na gane cewa wannan "to" ɗin ita ce iyakar gardamarsa da kowa.

Kafin sha ɗaya ya koma gaba, ni a baya. Yashi ya ɗau zafi har yana ratso tafin takalmin. Fatar da take laushi da safe ta zama kamar kwano. Yatsuna biyar sun cure wuri guda, kowane taku sai farcen babban yatsa ya daki gaban takalmin. Inda ya fi muni shi ne gangara. Akwai wani busasshen rafi da muka sauka cikinsa, nauyina duka ya tafi gaba, na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin yatsu, safa ta jiƙe. Harshena ya manne da ganɗa, leɓɓana sun tsage, kuma tun daren jiya na riga na auna cewa nisan bai kai na kasaru ba, don haka babu maganar ajiye azumi. Baba yana tafe yana motsa baki da tasbihi, inuwarsa ta dunƙule a ƙarƙashinsa.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka kai wata aduwa a kan tudu. Daga nan ana hango itatuwan Bodinga can nesa suna rawa cikin zafi. Baba ya ce tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce ga mai lafiya. Na ce mu yi azahar.

"Lokaci na da hwaɗi, Malam. Mu ƙarasa, mu yi ta da ruwa a masallaci."

"Salla a farkon lokaci ta fi."

"In dole ta, yi taimama ka yi abinka da takalmin. Kada ka tuɓe shi."

"Akwai jini a safar, Baba. Ba zan tsaya gaban Ubangiji da shi ba."

Salla na ambata, kuma jinin gaskiya ne, amma ƙafata ce take roƙo, ni kuma na ara mata bakin addini. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu. Na kwance igiyar, na ja da ƙarfi, ƙafar ta fito. Daɗin da na ji a wannan minti ban taɓa jin irinsa ba. Na dubi ƙafafun: shatin igiya ya nutse cikin naman, idon sawu ya ɓace, yatsun sun yi fari sun yi suntum, kuma ina kallo suna ƙara buɗewa kamar ƙullun da aka sake.

Muka yi salla. Na mai da safar, na ɗauki takalmin dama, na tura ƙafa. Ta shiga zuwa rabi ta tsaya.

Na cire safar na sake gwadawa. Na zare igiyar gaba ɗaya, na buɗe bakin takalmin da hannu biyu. Na miƙe tsaye na danna da nauyina har idona ya yi duhu. Dunduniya ta ƙi faɗawa. Baba ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, irin ƙaramar nan ta yankan igiya, ya miƙo hannu.

"Kawo."

"Me za ka yi?"

"In buɗe mishi baki gaba da baya."

"A'a. Kumburi ne, zai sauka. Bari in ɗaga ƙafar."

Na kwanta rigingine, na jingina ƙafafu a jikin aduwar, ina kallon agogo. Inuwar aduwa ba inuwa ba ce, rana tana ratso ta ɗigo ɗigo. Minti goma sha biyar na ba su. Na gwada, babu canji. Na ƙara goma. Baba yana tsugune, wuƙar a kan gwiwarsa, yana kallon wajen Bodinga. Can muka hango ƙura a kan wata hanya, jakuna ne a jere sun fito daga garin da kaya a bayansu.

"Waɗancan sun samu," in ji shi.

Na ce zan tafi ba takalmi. Na rataya jaka, na fita daga gindin itacen. Taku ashirin na yi. Wanda ya girma cikin takalmin makaranta bai san mene ne yashin azahar ba. Kamar tokar da aka kwashe yanzu daga murhu, ga ƙaya a ciki, ga fatar da ta riga ta saluɓe. Na dawo da gudu, gudun da ban san ina da ƙarfinsa ba. Baba ya tuɓe nasa ya ba ni in gwada. Dunduniyata ta zarce bayansa da yatsa biyu, tana taka ƙasa.

"Malam," ya ce, muryarsa ba ta tashi ba, "ni ban iya sa hannu a takarda. Da na iya, da na bar ka nan kai da takalminka kuna shawara. Gida sittin da wani abu na jiran ka. Wa za ka kai Bodinga, su ko shi?"

Na miƙa masa. Ya yanke gaban kowanne ya cire kamar ana fere kabewa, ya tsaga bayan har ƙasa, ya huda gefe biyu. Ya yage bakin rawaninsa, ya naɗe mini yatsun, ya ɗaure takalmin a ƙafar ta ƙarƙashi. Aikin duka bai kai minti biyar ba. Na duba agogo: biyu da kwata. Awa ɗaya da minti biyar na zauna a gindin aduwar nan.

Sauran tafiyar ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Yatsuna suna waje, suna shan zafi, amma suna da wurin zama. Na bi takun Baba, gajere, iri ɗaya. Muka shiga Bodinga mutane suna kallon ƙafata, ban damu ba. Huɗu saura kwata muka tsaya a ƙofar sito.

Mai siton, wani mai ƙiba da ba zan ambaci sunansa ba, yana goge hannu zai rufe. Ya karɓi rajistar, ya juya shafuka, ya ce rubutun ya yi kyau. Sa'an nan ya ce buhu huɗu ya rage.

"Goma aka rubuta mana."

"Wanda ya riga zuwa, Malam. Wasiƙar ta faɗa. Na ƙarshe ya kwashi nasa wajen ƙarfe uku. Da ka zo da azahar da ka samu cif."

"Wasiƙar kwana takwas ta yi a hanyar da na tako yau a yini ɗaya."

"Ba ni na riƙe ta ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya ce game da azahar ma gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Amma da idona ya saba da duhun siton sai na ga wasu buhuna a lungu, an rufe da tamfol, an ja musu alama da alli. Na tambayi na wace rajista ce. Ya ce an yi magana a kansu. Na ce wa ya yi, kuma ina sa hannunsa? Ya ce lokacin tashi ya yi.

Ƙafafuna ba za su ƙara ɗaukata ba ko da na so. Na zauna a dandamalin ƙofar, daidai inda ƙyauren zai bi, na miƙe su a gabansa da tsummansu da jininsu, na fito da littafina da biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba rigima na zo yi ba. Zan rubuta abin da na gani ne kawai: adadin buhunan, da alamar da ke kansu, da lokacin, da cewa na tambaya ba a nuna mini takarda ba. In na gama sai ka rufe."

Baba yana gefe, ya ce da shi a hankali, "Yallaɓai, yana rubutawa hwa. Ni na gani, ko ruwan da bai jiƙa ƙasa ba rubuta shi yakai."

Buhu biyu ya janyo daga ƙarƙashin tamfol. Ya rantse sauran ba shi da iko a kansu, kuma na ga alamar tsoron da yake ji ba nawa ba ne. Shida ke nan. Na sa hannu a kan shida, na rubuta a gefe cewa goma aka yi alkawari. Muka kwana a Bodinga, jakuna suka iso da safe, aka ɗora ni a kan na bakwai kamar kaya.

Maigari bai tambaye ni dalili ba, ni na faɗa masa a gaban dattawa, da wasiƙar da aduwar duka. Sai ya yanke shawarar da har yau nake ganin hikimarta. Ya ce ba za a raba irin gida gida ba, domin wanda 'ya'yansa suke kuka, in ka ba shi tiya biyu ta gero da la'asar, kafin magariba tana cikin turmi, kuma ba za a zarge shi ba. Buhunan za su zauna a zaurensa. In ruwa ya sauka, gari duka zai fita gayya, gona bayan gona, bisa jerin rajista. Kuma mai zuba iri zai ɗiba da yatsa biyu, ba uku ba kamar yadda aka saba.

Na buɗe rajistar na duba. Sunan ƙarshe, wanda na ja layi a ƙarƙashinsa, Arzika ne, domin yana kasuwa duk kwanakin da nake zagayawa. Na roƙi a fara da gonarsa.

"Malam," in ji Maigari, "kai kac ce muna ba a taɓa abin da anka rubuta. In mun ɗaga guda, kowa na da dalili."

Baba ya ce, "A bar shi yadda yake."

Ruwa ya sauka ranar Lahadi da la'asar, mai ƙarfi, da ƙanshin ƙasa da ya sa tsofaffi kuka. Litinin da asuba gari ya fita da azumi a baki. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da matasa a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ba a kiɗa, ba a waƙa, ba mai yawun yi. In ƙwaya ta faɗi a wajen rami sai a durƙusa a tsince ta. Ni ba na iya sara, don haka na shiga layin masu rufewa, ƙafafuna a naɗe cikin tsumma. Inna Ige, matar Baba, tana zubawa a gabana. Ta waiwayo ta dube su ta ce, "Kai dai Malam ƙahwar ga taka ta yi rana. Taku guda, rami ya ruhe."

Kwana uku muna yi. Kowace yamma nakan leƙa zaure in ga abin da ya rage, in kwatanta da sunayen da suka rage, in kasa cin abinci. Ranar Laraba da hantsi muka shiga gonar Baba da abin da bai cika ƙwarya biyu ba. Mata suka ƙara rage ɗiba ba tare da an ce musu ba. Masu sara suka gama nasu har iyaka, suka tsaya suna kallonmu. Muna tafe, ƙwaryar Inna Ige tana ƙara, irin ƙarar da ƙwarya take yi in ta kusa komawa fanko. Ta karkata ta, ta kakkaɓe, ta shafa cikinta da yatsa, ta zuba abin da ya manne a rami ɗaya. Na rufe shi.

Na ɗaga kai na ƙirga abin da ya saura. Layi goma sha ɗaya, an sare ramukansu, bakinsu a buɗe, ƙasar ciki tana da danshi. Jama'a suka fara saɓa sungumi suna watsewa, ba mai kallon wani.

Na ce, "Baba, waɗannan laifina ne. Awar nan ce ta gindin aduwa."

Ya dubi layukan, ya dubi ƙafata.

"Na sani, Malam," ya ce. "Taho mu ruhe su hakanan, kada tsuntsaye su ɗauka da wani abu ciki su tone na kusa."

Muka bi su ni da shi, rami bayan rami, muna rufe ƙasa a kan babu.